Sawu Biyu a Kwamin Ɗakin Gwaji

Ranar Juma'a, mutane na dawowa daga masallaci, aka tarar an ɓalle ƙofar ɗakin gwajin magungunan dabbobi da ke bakin GRA, an kwashe kwalabe fiye da ɗari biyu. Ba a taɓa firji ba, ba a taɓa fanka ba, kwalaben kawai. Kafin la'asar 'yan sanda sun gama binciken nan nasu na cika aiki. An yi ruwa da hantsi, ƙasa ta jiƙe, suka ga sawun takalmin taya daga ɗakin maigadi zuwa ƙofar, suka leƙa ɗakin suka ga takalman duk taɓo, sai suka tasa ƙeyar Idi maigadi. Shi ke nan, an kama ɓarawo. Shekara guda ke nan da soja suka koma bariki, amma har yanzu in kaya ya ɓace a gidan manya, wuyan talaka ake fara aunawa.

Labari ya riga kowa isa unguwar Ƙofar 'Yandaka a cikin garin Katsina. A majalisar mai shayi wani ya ce daman baƙin ƙauyen nan ba a ba su amana. Wani ya ce ai wansa Tanko ne ya sa shi, tun da shanunsa suka mutu yake yawo kamar mahaukaci yana zagin ofishin. Suna cikin haka sai ga Tanko ya zo wucewa, kowa ya tsuke baki ya kama hura shayi.

Tanko mai bin sawu ne. Daga wani ƙauye wajen Kaita ya taso, kuma shekara talatin in an kore garke shi ake nema. Yakan dubi ƙasa ya gaya maka ɓarayi nawa ne, wane ne gurgu, wane ne ya ɗauki ɗan maraƙi a kafaɗa. Da ladan wannan aiki ya tara shanu goma sha ɗaya. Wata biyu da suka wuce sammore, cutar nan mai ƙarar da saniya a tsaye, ta shiga garkensa. Ya sayo allura a shagon Alhaji Babaji, kwalba da hatimin ofishin gwaji raɗau a jikinta. Kwana huɗu shanun suka ƙare, har da Kyalla mai tsohon ciki. Ya ɗauki kwalbar da ta rage ya kai ofis a gwada, aka ce sai ya biya kuɗin gwaji. Ya sayar da kekensa ya biya. Wato an kashe masa dukiya, kuma aka caje shi kuɗin tambayar wa ya kashe. Wannan kwalba tana cikin waɗanda aka sace. Ga shi kuma ranar Litinin za a kai ƙanensa kotu.

Bai shiga gida ba. Ya zarce GRA da ƙafa.

*

Sufeto Ɗanliti na tsaye a bakin ofis yana cin gyaɗa. Ya san Tanko, don shi ya taɓa nemo wa mahaifinsa bijimai biyu a dajin Rugu.

"Malam Tanko, sannu da ƙoƙari. Ya muka ji da wannan abu? Haƙuri za ka yi, ƙanenka ya bar sawu kamar wanda ya sa hannu a takarda."

"Ranka ya daɗe, bar ni in gaida ƙasa. Ita ba ta karɓar na goro."

Ya tsuguna. Takalman na Idi ne, babu shakka, ga tsagar nan a dunduniyar hagu. Amma tafiyar ba ta Idi ba ce. Idi ƙato ne, yana watsa ƙafa waje kamar agwagwa. Wannan kuwa ƙafarsa a miƙe take, kuma dunduniyarsa ba ta kai ƙarshen takalmin ba, sai bayan takalmin ya riƙa jan ƙasa.

"Idi da wane takalmi ya tafi masallaci?"

"Ya ce da na sallah. Waɗannan na aiki ne, a ɗaki yake barinsu. Kowane ɓarawo da tatsuniyarsa."

Tanko ya bi sawun har bakin ƙofar ɗakin gwaji. A nan akwai wani ɗan kwami na siminti da aka haƙa a ƙasa, faɗinsa bai wuce taku ɗaya ba, ruwan sama ya tara laka a ciki. 'Yan sanda duk tsallake shi suka yi, don wa zai ɓata takalminsa? Amma ɓarawon, mai sauri, mai tsoron a dawo daga masallaci, ya tsaya a tsakiyar lakar da ƙafa biyu a jere. Ya buga su sau biyu. Ya goge ta dama a bakin simintin, sannan ya shiga.

Tanko ya daɗe yana kallo. A shekara talatin bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsaya rawa a bakin ƙofa ba.

"Ranka ya daɗe, a kira mai hoto ya ɗauki wannan. Ni zan biya."

"Da me? Da keken?"

Tanko ya ɗago ya dube shi. Sufeto ya daina tauna, ya aika a kira mai hoto.

*

Da safiyar Asabar ya nufi shagon Alhaji Babaji, da wuƙar yankan igiya a ɗamararsa. Bai yaudari kansa ba, ya san ba igiya ya fito yanka ba. Wa zai amfana da ɓatan kwalbar in ba wanda ya sayar da ita ba?

Alhaji na zaune a kan buhun dusa, tumbi a gaba, carbi a hannu.

"A'a, Tanko sarkin sawu! Lahiya lau? Ya iyali, ya haƙurin rashi? Ko ka zo sayen maganin kaji ne, tunda na shanu ya wuce ka?"

Hannun Tanko ya kai ɗamara. Sai idonsa, wanda ya fi zuciyarsa hankali, ya faɗa kan ƙafar Alhaji. Ƙafa ce kamar faranti, a kumbure. Ko da man shanu ba za ta shiga takalmin Idi ba, balle ta bar wuri a baya. Yaran shagon kuwa su biyu ya riga ya duba sawunsu a bakin ƙofa, duk masu jan ƙafa ne.

"Ina kake jiya da azahar, Alhaji?"

"Sahun gaba, bayan liman. Tambayi duk Katsina. Kai, me zai kai ni sata? Na biya kuɗin gwaji, dubu ukku kowane magani, kwana biyu aka bugo mani hatimi. In maganin guba ne, mai hatimi za ka tambaya. Ni ɗan kasuwa ne, ba likita ba."

"Kwana biyu?"

"In ka ƙara na gaggawa ma ranar za a ba ka. Da rasit ɗinka, komai bisa doka. Zamanin farar hula muke, Malam."

Tanko ya sauke hannunsa. "Naka na nan zuwa, Alhaji. Ba a manta da kai ba, layi ne bai zo kanka ba."

*

A gari ana ta cewa akwai wata yarinya ma'aikaciyar ɗakin gwajin, Fadila, mai rashin kunya, wadda ta rubuta wa kwamitin majalisa takardar ƙorafi. Wasu na cewa ita ta sa aka kwashe kwalaben don ta ɓata sunan ofis. Ranar Lahadi Tanko ya same ta a zauren gidansu a Ƙofar Kwaya, mahaifinta na gefe yana sauraron rediyo.

Bayan gaisuwa ya dubi takalmanta a bakin tabarma. Ƙanana ne ƙwarai, takun ɓarawon ya fi ƙarfin nata.

"Baba, ni zan sace su?" in ji ta. "Ai su ne shaidata! Gobe Litinin kwamiti zai zo ya gani da idonsa. Kwalba ɗari biyu da sha huɗu, ko ɗaya ba a ɓalle murfinta ba. Taka ma tana cikinsu, yadda ka kawo ta."

"Ba a gwada ba?"

"Da me za a gwada? Bari in yi maka dalla-dalla. Da can gwamnati ke saya wa ɗakin nan kayan aiki. Sai aka ce tunda 'yan kasuwa na biyan kuɗin gwaji, ɗakin ya riƙe kansa, aka soke kasonsa a kasafin kuɗi. To kuɗin gwajin kuma ba a hannunmu yake tsayawa ba, baitulmali yake wucewa, ba ya dawowa. Da aka ga yana shigowa, sai kowace shekara a rubuta a kasafi cewa ofishinmu zai kawo ninkin na bara. Yaya za a kawo ninki? A buga hatimi da sauri. Gwajin gaske mako ukku yake ci, hatimi kuwa minti ɗaya. Bana an ba shugabanmu, Dakta Siddiq, takardar yabo, wai ofishinsa ya fi kowane kawo kuɗin shiga. Ana ma cewa zai zama babban sakatare. Shekara ukku ina aiki a nan, Baba, abin da na gwada kawai shi ne haƙurina."

Mahaifinta ya rage muryar rediyo. "Na gaya mata ta yi shiru ta ci albashinta. Haka aka tarar, haka za a bari."

"Haka aka tarar ɗin ne ya kashe shanun Baba Tanko," in ji ta, ba ta ko juya ba.

Tanko ya dubi ƙasa. Ya tuna yadda Kyalla ta riƙa shure-shure, ɗan cikinta na motsi bayan ita ta daina. Ashe ba kuskure ba ne. Lissafi ne aka yi a ofis mai fanka.

"'Yata, kwamin nan na bakin ƙofa, na mene ne?"

"Na wanke ƙafa ne. An ce da can ruwan magani ake zubawa, duk mai shiga sai ya tsoma takalmansa don kada ya shigo da cuta. Ni a bushe na tarar da shi. Shi ne abu na farko da aka daina saye."

"Cikin ma'aikatan da, wa ya rage?"

"Duk an sallame su. Sai Malam Usman akawu, mai karɓar kuɗi, da shi Dakta."

"Kin taɓa ganin yadda suke shiga ɗakin?"

Ta yi dariyar takaici. "Malam Usman da sandarsa ba ya wuce teburinsa. Dakta kuwa, tun da na zo ban taɓa ganin ya taka ɗakin ba. Me zai yi a ciki?"

Tanko ya miƙe. Daga nan wurin Sufeto ya wuce, ya roƙe shi abu biyu: gobe kafin kotu a biyo da Idi ta ofis, shi Tanko kuma a bar shi ya zuba sabuwar laka a kwamin.

"In ka kunyata ni gaban Onarabul shugaban kwamitin fa?"

"Ka haɗa ni da Idi a ankwa ɗaya."

*

Litinin da ƙarfe goma harabar ofis ta cika. Makiyayan da suka yi asara sun ji labari, sun zo da sandunansu sun jeru a gindin itacen bedi. Ga Onarabul shugaban kwamiti da 'yan rakiyarsa, ga Alhaji Babaji da Sufeto ya gayyato, ga Malam Usman, ga Fadila, ga Idi da ankwa, idonsa ya faɗa. Dakta Siddiq ya fito da farar shadda da baƙin takalmi mai ƙyalli. Mutum ne siriri, mai fara'a, ya bi kowa da gaisuwa, har ya tsaya gaban Idi ya girgiza kai.

"Idi, Idi. Na ɗauke ka kamar ɗa. Allah ya shirye ka."

Tanko ya ji wuƙar na ƙuna a ɗamararsa. Ya danne.

Sufeto ya ce kowa ya shiga ɗakin a ga abin da ya faru. Tanko ya tsuguna a gefen ƙofa kamar mai hutawa.

Idi ya fara, ya tsallake kwamin. Fadila ta tsallake. Alhaji Babaji ya tsallake da ƙyar yana tsaki, yana tambayar wane ɗan iska ya zuba taɓo a hanya. Malam Usman ya dogara sandarsa ya raɓa ta gefe. Onarabul ya tattare riga ya yi tsalle kamar ɗan makaranta. Dakta na biye da shi, yana zuba bayani.

"Ranka ya daɗe, a shekara biyu mun ninka kuɗin shiga sau ukku, ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo..."

Bakinsa na magana, ƙafafunsa na aikinsu. Ya sa ta hagu a cikin laka, ya sa ta dama kusa da ita. Ya buga sau biyu. Ya goge ta dama a bakin siminti.

"Tsaya nan, Likita."

Tanko bai ɗaga murya ba, amma har makiyayan gindin bedi sun ji. Dakta ya dubi ƙasa, ya ga takalmansa masu ƙyalli sun yi dumu-dumu, kamar ƙafafun wani ne aka liƙa masa.

Sufeto ya zaro hoton ranar Juma'a ya ajiye a gefen kwamin. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ƙafa biyu a jere, ta hagu ta ɗan fi gaba, bugu biyu, shafa a bakin siminti.

"Duk wanda ya ga laka tsallakewa yake," in ji Tanko. "Sai wanda ya yi shekara da shekaru yana tsoma ƙafa a nan, lokacin da ɗakin nan ke aiki. Kai ka manta da aikin, Likita. Ƙafarka ce ba ta manta ba."

"Wannan shirme ne! Onarabul, za ka tsaya ɗan ƙauye..."

"Ranka ya daɗe Sufeto," in ji Tanko, "a ba shi takalman Idi ya gwada."

Aka kawo su. Dakta ya ƙi, Sufeto ya ce ba roƙo yake ba. Dakta ya cire nasa, ya zura ƙafa. Dunduniyarsa ta tsaya, saura yatsa biyu a baya. Aka ce ya taka. Bayan takalmin ya ja ƙasa, ya bar layin nan da Tanko ya gani ranar Juma'a.

"A wane sahu ka yi sallar Juma'a, Dakta?" in ji Sufeto.

Malam Usman akawu, wanda shekara ashirin bai taɓa cewa uffan a ofis ba, ya yi gyaran murya.

"Ni dai da na fito za ni masallaci, na ga motarsa a ƙofar baya. Ba a tambaye ni ba ne."

"Ba a tambaye ka ba!" Fadila ta juya kansa. "Mutum na kwana ukku a kulle, kai kana jiran tambaya?"

Dakta ya zauna a kan dakali. Fara'ar ta tafi, sai tsufa.

"Ban ci ko kwabo ba," in ji shi. "A duba rasit. Kowace naira ta shiga baitulmali. Sau bakwai ina rubutawa a ba mu kayan aiki, amsar da ake ba ni ita ce nawa za ku kawo baɗi. Ni na gina ɗakin nan. Ni na sa aka haƙa kwamin nan, na kori ma'aikaci a kan tsallake shi. Me kuke so in yi?"

"Ka ce ba za ka buga hatimi ba," in ji Fadila.

"Su cire ni su kawo wani ya buga?"

Tanko ya matso har inuwarsa ta rufe shi. Hannunsa ya shiga ɗamara, Sufeto ya yunƙura. Amma ba wuƙa ya zaro ba. Igiyoyi ne, goma sha ɗaya, na ɗaure shanu, ya zube su a cinyar farar shaddar.

"Ba ka ci kwabo ba, ka ci waɗannan. Kuma ba gwamnati ce ta ce ka sa takalmin ƙanena ba. Wannan kai ka zauna ka zaɓa. Ka duba duk ofishin nan ka ga wane ne ba shi da kowa." Ya sunkuya. "Yana da kowa."

Aka tura 'yan sanda gidan Dakta a nan GRA. Ba su daɗe ba suka dawo da buhu huɗu daga garejinsa. Bai zubar da su a rijiya ko kwata ba, ya ce jira yake ya samu inda zai binne su yadda dabba ba za ta kai baki ba. Aka juye su gaban Onarabul, kowace da murfinta a liƙe. Fadila ta tona ta ɗauko guda, da sunan Tanko a jiki da lambar rasit ɗin kuɗin kekensa. Ta ce za ta kai ta da hannunta inda ake gwaji na gaske. Alhaji Babaji ya fara sulalewa wajen ƙofa, makiyaya suka gitta sanduna.

"Layi ya zo, Alhaji," in ji Tanko.

Onarabul ya fara jawabi kan cewa za a kafa kwamiti. Ba wanda ya saurare shi. Sufeto ya kwance ankwar hannun Idi, ya juya da ita wajen Dakta. Ya ɗauki baƙaƙen takalman masu laka ya ce shaida ne, sun zama na hukuma. Na tayan ma shaida ne, amma ba a tafiya kotu ba takalmi, sai a can a karɓa.

"Idi, in an gama shari'a za a maido maka kayanka."

Idi ya murza wuyan hannunsa, ya dubi mutumin da ya ce ya ɗauke shi kamar ɗa.

"Ya riƙe. Na bar mashi."

Haka Dakta Siddiq ya ratsa tsakiyar makiyaya, da farar shadda da takalmin maigadi, yana jan su faƙat-faƙat har bakin motar 'yan sanda. Wani tsoho ya ce wa Tanko to, sai a yafe, tunda Allah ya tona gaskiya.

Tanko ya juya wajen dakalin. Ya tsince igiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe, ya mayar ɗamara. Sannan ya tsuguna a kan sabon sawun da aka bari a harabar, ya karanta shi a tsanake tun daga dakali har inda tayar mota ta shafe shi. Taku gajere, yatsu a ƙanƙame. Shekara talatin yana bin irin wannan sawu a daji, na ɓarawon da ya ji an cim masa. Bai taɓa jin daɗin karanta shi kamar yau ba.